Yadda Ƙanin Matata Ya Wanke Mini Lambu da Sabulu

An yi wani mutum, kuma abin takaicin shi ne har yanzu yana nan da ransa da lafiyarsa, yana yawo da jaka a hammata kamar bai aikata komai ba. Ƙanin matata ne, autan ɗakinsu. Na ɗauki alƙalami ne don duk wanda ya karanta ya zama shaida. Na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane cewa duk wanda ya yi ɓarna shi zai gyara, kuma ba zan janye darasin ba don kawai mai laifin yana cin abinci a gidana.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da wani masaukin baƙi, irin wanda masu yawon buɗe ido ke sauka su ɗauki hoton duk abin da ya motsa su tafi. A bayan gidan ina da lambu. Lokacin da na yi ritaya fili ne na tsakuwa da ɓaraguzan gini. Da hannuna na tsince shi, na yi ta zuba taki shekara da shekaru har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi, idan ka damƙa sai ta yi maka ƙamshi. Tumatir, latas, karas, albasa, barkono, kowanne a layinsa, a miƙe kamar ɗalibai a filin taro. Wannan ƙasa ita ce maganata. Duk sauran abin da za ku ji, ku yi dariyarku, amma kada ku manta da ita.

Shi kuwa autan, da ƙyar aka sama masa aikin sayayya a masaukin. Idan motar 'yan kasuwa ta kawo kayan abinci da sabulu, aikinsa bai wuce ya tsaya ya ce "a sauke nan" ba. Sai tsautsayi ya sa mai masaukin, mace mai kirki wadda ba ta cancanci abin da ya same ta ba, ta tura shi taron bita kan yadda masaukai za su riƙa samo kayansu ba tare da ɓarna ko gurɓata muhalli ba. Mutane sun je sun dawo da ilimi. Shi ya dawo da riga mai tambari da wani faffaɗan kwali da ya zana zobe a kai.

Ina zaune a ƙofar gida ya zo ya jingina kwalin a gwiwata.

"Yaya, gyara zama ka ga inda duniya ta dosa. Baƙo ya ci ya rage. Ragowar ta tafi cikin dabba. Dabba ta yi kashi. Kashi ya tafi lambu. Lambu ya fid da ganye. Ganye ya koma bakin baƙo. Ba mota, ba hayaƙi, ba shara. Komai daga inda ƙafa za ta kai mutum."

"Kai kana ina a cikin zoben?"

"Ni ne tsakiya."

"Tsakiyar zobe rami ne," na ce masa.

Tela, maƙwabcina da ke ɗinki a rumfar da ke kallon ƙofata, ya yi dariya har allura ta soke shi. Daga ranar ya laƙaba masa Mai Zobe, unguwa ta ɗauka. Shi kuma ya ɗauka sarauta aka ba shi.

Akwai wata ƙungiya mai ba masaukai koren tambari su liƙa a ƙofa, baƙi kuma sun fi son sauka inda suka gan shi. Mai Zobe ya rantse wa mai masaukin cewa kafin mai dubawa ta ƙungiyar ta zo, zai mai da wurin abin da za a riƙa zuwa kallo daga ƙasashe. Abu na farko da ya yi shi ne korar motar 'yan kasuwa.

"To ƙwan safe fa?" in ji direba.

"Za mu yi namu."

Ya taka har kasuwa ya dawo da kwando cike da kaji. Da ido ya zaɓe su: wanda ya fi dogon bindi, wanda ya fi jan tukku, wanda ya fi fankama. Kuku, mai dafa abincin masaukin, ƙaton mutum ne mai gajeren haƙuri. Ya leƙa kwandon ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, waɗannan ne za su yi mana ƙwan?"

"Ka ga ƙirji? Ka ga lafiya?"

"Na gani. Zakaru ne duka."

"Ka ba su lokaci su saba da wuri."

"To. Ranar da ɗaya ya yi ƙwai ka kira ni. Zan ajiye tukunya in ɗauke shi mu shiga duniya, ni da shi mun gama wahala."

Ƙwai bai zo ba, cara ta zo. Tun gari bai gama wayewa ba suke farawa, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka. Wani dattijon baƙo ya sauko ɗaure da tawul yana tambayar wa ake yankawa. Mai Zobe ya shaida masa agogo ne marar batir, kuma ba a ƙara masa komai a kuɗin ɗaki ba.

Sai awaki. Su ne za su cinye ragowar abinci. A makon ne kuma ya kashe injin busar da kaya, ya ɗaura igiyoyi a tsakar masaukin aka shanya zannuwan gado. Awakin suka shinshina ragowar abincin baƙi, suka kalli juna, suka nufi igiya. Kafin la'asar babu zanen da ba shi da taga. Wata baƙuwa ta zo ɗauke da wandonta, ƙafa ɗaya ta rage.

"Uwargida, ki yi murna," in ji Mai Zobe. "Akuya ba ta cin roba. Wannan shaida ce cewa kayanki auduga ce zalla."

Duk wannan ba ruwana, a masaukinsu suke yi. Sai wata rana ya shigo yana kallon bayan gidana yana lashe baki.

"Yaya, abu ɗaya ya rage zoben ya haɗu."

"A'a."

"Ban faɗa ba tukuna."

"Na ga inda kake kallo. A'a."

Ya bi ta wurin yayarsa. Ta zo ta zauna kusa da ni tana murza gefen zane. "Malam, kallo kawai baƙin za su yi. Auta ne, ka rufa masa asiri, ka san da ƙyar ya sami aikin nan." Na yarda bisa sharaɗi ɗaya, kuma a gabanta na faɗa masa: ido kawai. Ba hannu, ba ƙafa.

Ana haka 'yarmu ta haihu a wani gari, muka shirya tafiya ni da uwarta. Tela ne ya saba yi mini ban ruwa idan ba na nan, amma bayansa ya riƙe. Mai Zobe ya dafa ƙirji. "Yaya, bar mini. Ko guga ba wanda zai ɗauka, ruwan da ƙafarsa zai zo." Matata ce ta miƙa masa mabuɗi. Ina so a san wannan. Hannuna bai taɓa mabuɗin ba.

Ranar da muka dawo, tun kafin in buɗe ƙofa hancina ya gaya mini akwai magana. Gidana yana ƙamshi kamar shagon mai wanki. Na wuce bayan gida ban ko ajiye jaka ba. An huda katanga, huda wadda akuya za ta wuce ba ta sunkuya ba, an zuro ƙaton bututu. Kumfa ta kai idon sawu. Ganyen tumatir ya yi rawaya ya rataye kamar tsumma. Latas ya narke. Inda ruwan ya bushe, ƙasata baƙa ta yi farin ɓawo, tanar da na yi shekaru ina kiwo a cikinta duk sun fito sun miƙe a sama.

Mai Zobe ya leƙo ta hudar yana murmushi.

"Mene ne wannan?" na ce.

"Ruwan wanki ne, Yaya. A bita an ce haramun ne a yi amfani da ruwa sau ɗaya a zubar."

"An ce a tace shi ko ba a ce ba?"

Ya sosa ƙeya. "Lokacin da aka zo wurin nan aka kawo shayi."

"Da sabulu? Da bilic mai cin tufafi?"

"Ai shi ya sa babu ƙwaro ko ɗaya. Duba da kyau."

"Babu ƙwaro, babu tumatir!"

"Hutawa suke yi."

Tela ya ɗingiso ya tsaya a bakin ƙofar lambun riƙe da ƙugu. "Malam, barka da hanya. Wallahi ban taɓa ganin lambu mai tsafta irin naka ba. Jiya kaɗan ya rage in kawo rigunan mutane in ɗauraye a layin albasa."

Na nufi masaukin neman mai shi, aka ce ta yi tafiya, sai ranar da mai dubawa za ta zo za su iso tare. Matata ta riƙe ni da magiya in bari ranar ta wuce. Na ce wa Mai Zobe ya cire bututun. Ya ce an cire a zuci, saura a aikace.

Ranar dubawa da sassafe na ji ana nishi a bayan gida. Na fita. Motar 'yan kasuwa ce, wadda ya kora, an kashe injinta ana turo ta da hannu don kada a ji daga masaukin. Direba ya ɗaga mini hannu, bakinsa har kunne. Shi kuwa Mai Zobe yana durƙushe a lambuna da allura da zaren da ya aro a wurin Tela, yana shuka.

Mutumin nan tun da aka haife shi bai taɓa ganin abinci ba sai a faranti. Ya caccaka karas a ƙasa, wasu ma kai ƙasa bindi sama. Ya jera kabeji a kan farin ɓawon kamar kawunan 'yan kallo. Ya ɗinke tumatir a jikin busassun karare. Dankali ya rataye shi a reshen barkono. Kankana kuwa rami ya haƙa ya binne.

"Kankana a cikin ƙasa take fitowa?" na ce.

"Haba Yaya, yi tunani. Wane reshe ne zai ɗauki wannan nauyin?"

"Dankalin fa?"

"Shi ai ƙarami ne."

Hantsi na yi suka shigo ta ƙofata. Mai masaukin ta sha ado. Mai dubawa siririyar mace ce mai tabarau da takalmin roba, ba ta da yawan magana. Bayansu baƙi, kowanne da kwando da abin ɗaukar hoto, domin an yi musu alkawarin kowa zai tsinki abincin ranarsa da hannunsa. Unguwa kuwa ta riga ta ji labari. Wasu a kan katanga, wasu a kan rufin motar da aka kasa ɓoyewa, Kuku ya leƙo ta hudar da ludayi a hannu.

Mai Zobe ya zo ya kifa mini wata tsohuwar hular kaba a kai.

"Wannan shi ne tsohon manominmu," ya ce da ƙarfi. "Bai taɓa shiga aji ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma yana magana da tsirrai su amsa."

Ni. Ni da rabin mutanen da ke kan katangar nan a hannuna suka koyi riƙe fensir. Na buɗe baki, matata ta damƙe bayan rigata kamar za ta yage. Baƙi suka yi ta ɗaukar hotona. Wata ma ta ce in ɗan yi murmushi.

Aka ce a fara tsinka. Dattijon nan mai tawul, yau da wandonsa, ya kama ganyen karas ya ja. Guda shida suka fito tare, ɗaure da roba.

"Irin zamani ne," in ji Mai Zobe ko gezau. "A ɗaure yake fitowa, don a rage wa manomi wahala."

Mai dubawa ta sunkuya ta ɗaga kabeji da yatsa biyu, ta juya gindinsa. Sawun wuƙa fes.

"Ina saiwarsa?"

"Ta riga ta koma ƙasa ta zama taki, ranki ya daɗe. Nan ba ma jira."

Ta matsa gaba ta taɓa tumatir, ya yi lilo. "Wannan zaren fa?"

"Nawa ne!" Tela ya ɗaga murya daga bakin ƙofa. "Idan an gama girbi a dawo mini da saura, akwai wandon da ke jira."

Katanga ta ɗauki dariya. Mai dubawa ba ta yi ba. Ta tsaya gaban barkono ta daɗe tana kallon dankalin da ke rataye, ta cire tabarau ta goge ta mayar. A can gefe wata baƙuwa ta ga ƙasa ta yi tudu, ta tona da murna, ta ciro kankana. Har da 'yar tagar nan da mai sayarwa ke yankawa don a ga jan ciki.

"Wannan kuma ita ta yanka kanta?" in ji mai dubawa.

"Numfashi take yi ta nan."

A daidai lokacin bututun ya yi tari. Mai Zobe ya tuna da komai ban da gaya wa masu wanki kada su yi aiki ranar, su kuwa saboda manyan baƙi sun haɗa duk zannuwan da awaki suka rage sun zuba a inji. Tari na biyu Kuku ya yi tsalle ya ba da hanya. Na uku ruwa ya ɓarke.

Kumfa ta taso fara fat kamar an kwance gajimare. Karas suka tashi suka bi ruwa layi-layi. Kabeji suka fara gangarawa ƙofar gida. Awaki suka hango kabeji yana tafiya da kansa, suka kutso ta hudar, zakaru na biye da su suna ihu. Baƙi suka ɗage ƙafafun wando, masu gudu na gudu, masu hoto na hoto. Mai Zobe ya yi kukan kura ya zauna a bakin bututun don ya toshe shi. Ruwan ya bi ta ƙafar wandonsa ya fito ta wuyan riga, kumfa ta rufe shi har sai idanu.

"Wannan ma cikin tsarin yake!" yake ihu. "Kowa ya kwantar da hankalinsa, ban ruwan rana ne!"

Ya yunƙura zai miƙe, santsi ya kwashe shi ya zube a kan kankana ta fashe. Wani bunsuru ya zo ya tsaya a kansa yana cin kwalin zoben a tsanake.

Mai dubawa, ita kaɗai mai takalmin roba, ta tako cikin kumfar ta zo gabana.

"Baba, lambun nan na wane ne?"

Na ji hannun matata ya saki rigata. Na cire hular kaba na ajiye a kan ruwa ta tafi. Na gyara murya irin ta filin taro, na faɗa mata komai daga zakaru har zuwa motar da ke bayan gida, ban ƙara ba ban rage ba. Na kuma sanar da ita cewa na iya rubuta sunana.

Ta gyaɗa kai, ta juya wurin mai masaukin. "Na ga masu ɓoye shara a bayan ɗaki, na ga masu canza wa kwalba takarda. Yau na fara ganin waɗanda suka wanke ƙasa." Ta fita da tambarinta a jaka.

Mai masaukin ta ba ni haƙuri har idonta ya kawo ruwa, ta tambaye ni abin da nake so. Na ce ƙasa. A kwashe wadda aka kashe, a kawo mai rai, a toshe katanga, kuma wanda ya yi ɓarnar shi zai yi da hannunsa. Nan take ta sauke shi daga sayayya ta ba shi baro da shebur, ta dawo da motar 'yan kasuwa, Kuku ya yanka zakaru.

Na ɗauka magana ta ƙare. Mai Zobe ya shiga gaya wa mutane an ƙara masa girma zuwa shugaban sufuri. Ya kuma ce ƙasar ma ba za a ɗauko ta da mota ba, daga kusa za ta zo. Ta zo kuwa, baƙa mai kyau, baro bayan baro, ta hudar da ya ƙara faɗaɗawa don baron ya wuce. Na tambaye shi inda yake samo ta, ya ce sirrin sana'a ne. Na ja layuka, na dasa sabon tumatir, har ya kama.

Ashe daga gindin katangar yake haƙa, ta ɓangarensu, inda ake shuka furanni. Ya rarake ta tun daga wannan kusurwa har waccan. Ruwan sama na farko da aka yi, da rana tsaka, katangar ta yi wata 'yar ƙara kamar tsoho zai zauna, ta kwanta gaba ɗayanta a kan lambuna. Ba ta tsaya nan ba, ta haɗa da rumfar girkin matata da tukwanenta. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin.

Yanzu tsakanina da masaukin babu komai sai iska. Baƙi na karyawa suna kallona ina goge baki, wasu har ɗaga mini hannu suke yi. Don haka ina nema, kuma ba roƙo nake yi ba: a ɗauke ɓaraguzan nan daga kan ƙasata, a tayar da katanga da bulo da siminti a hannun magini na gaske, a mayar da rumfa, kuma a nisanta mutumin nan da duk wani abu mai baki ko ƙota. Ba zan sauka daga kan ko ɗaya ba.

Jiya da yamma sai ga shi ya tsallako ta kan ɓaraguzan, da sabon kwali a hammata.

"Yaya, kada ka bari a yaudare ka da siminti. Kwalaben da baƙi suka sha suna nan jibge. Idan aka jera su aka liƙe da kashin awaki..."

Na miƙe. Na shiga ɗaki na ɗauko tsohuwar bulalata ta makaranta. Ina fitowa matata ta tare ni a bakin ƙofa ta riƙe hannuna.

"Haba Malam," ta ce. "Da wannan siririyar?"

Ta karɓe ta, ta miƙo mini ƙotar fartanya.